Tambayi Gwaggo: Cin Abinci a Waje a Katsina da Daura

Assalamu alaikum, masu karatu. Tun bayan ƙaramar salla wasiƙun da ke shigowa wannan fili suka karkata wuri ɗaya, wato batun cin abinci a waje, kuma ban yi mamaki ba, domin duk wanda ya bi titin IBB ko ya ratsa ta Ƙofar Ƙaura bayan sallar isha'i zai ga yadda gidajen abinci da gidajen burodi da shagunan kayan sanyi suka yawaita a birnin Dikko. Ni ɗiyar mai waina ce, a gindin tanda na girma, daga baya kuma na yi shekaru ina koya wa 'yan mata girki da kula da gida, saboda haka wannan batu ya shafe ni ƙwarai. Na zaɓi wasiƙu bakwai, na taƙaita wasu, na kuma cire sunayen masu su da sunayen wuraren da suka ambata.

TAMBAYA: Gwaggo, ina gaisuwa da fatan alheri. Ni magidanci ne mai mata ɗaya da 'ya'ya uku. Ina sha'awar idan an yi albashi in riƙa fita da iyalina mu ci abinci a waje sau ɗaya a wata, amma mahaifiyata, wadda muke gida ɗaya da ita, ta ce abin kunya ne, mutane za su ce ba a hura wuta a gidanmu. Ba na son saɓa mata, kuma ba na son hana iyalina wannan jin daɗi. Yaya zan yi?
Daga wani magidanci, Ƙofar Ƙaura, Katsina.

AMSA: Ɗana, Allah ya yi maka albarka da ka fara sa mahaifiyarka a gaba. Ka sani cewa Hajiya ba ta faɗi son ranta ba, ta auna maganar ne da mudun zamanin da ta taso a cikinsa. A da, waɗanda ake gani zaune gaban mai tuwo-tuwo su ne matafiyi da baƙo da tuzuru da ɗan kasuwar da ya yi nisa da gida. Idan aka ga magidanci a wurin, sai a fara raɗe-raɗin ko matarsa ta yi yaji, ko kuma tukunya ba ta hau ba. Mu kuma da ake yi mana kirari da "kunya gare ku ba dai tsoro ba" mun fi kowa gudun irin wannan magana.

Amma sayen abinci daga waje ba baƙon abu ba ne a gidan Bahaushe, kuma Hajiya da kanta shaida ce. Koko da ƙosan safe saye ake yi, haka wainar Juma'a, haka ɗanwaken hantsi, haka tsiren da maigida kan shigo da shi da dare. Mata nawa ne a cikin lungunan Katsina suka aurar da 'ya'yansu da ribar tuwon sayarwa ba tare da sun taka ƙofar gida ba? Abin da yake sabo shi ne a ga mutum zaune da matarsa suna ci a bainar jama'a, kuma a ganina nan ne damuwar Hajiya take: tana kare mutuncin surukarta ne da sunan gidanku.

Saboda haka ka bi ta inda damuwar take. Wata na farko kada ku fita, ka sayo abincin ka kawo gida, ka fara kai nata ɗakinta, kuma ya zama abin da ka san tana so, ko farfesun kayan ciki ne ko gasasshiyar kaza. Daga baya ka yi mata bayanin cewa akwai wuraren da suka keɓe sashen iyali, cewa za ku tafi bayan la'asar ku dawo kafin dare ya yi, kuma yara suna tare da ku. Ka gayyace ta ko da ka san ba za ta je ba, domin gayyatar kanta girmamawa ce. Kai za ka yi wannan magana, kada ka bar matarka ta yi ta, don kada abin ya koma tsakanin suruka da suruka. Ka kuma nuna mata, cikin ladabi, cewa macen da ke tsaye gaban murhu sau uku a rana har cikin zafin bazara ta cancanci hutun yini ɗaya a wata, kuma na tabbata Hajiya ta san wannan wahalar fiye da kai. Idan bayan duk wannan ta ce a'a, ka haƙura ka ci gaba da kawowa gida, lokaci yana sassauta irin wannan. Abin da ban yarda da shi ba shi ne ku fita a ɓoye, domin yara ba sa riƙe sirri, kuma ranar da ta ji daga bakin jikanta ɓacin ran zai ninka. Sannan kuɗin fitar ya zama daban, kada a taɓa na cefane.

TAMBAYA: Gwaggo, aikina ba ya ba ni damar komawa gida da rana. Makon jiya na ci soyayyiyar shinkafa da haɗin kabeji da bama a wani wuri mai kyau, mai na'urar sanyaya ɗaki da kujeru masu tsada, amma kafin magariba amai ya sarƙe ni. Abokiyar aikina kuwa kullum wurin wata dattijuwa take ci a bakin hanya, ban taɓa jin ta koka ba. Ta yaya ake gane wurin da ya dace a ci?
Daga wata ma'aikaciya, Katsina.

AMSA: Ɗiyata, sannu, Allah ya ƙara sauƙi. Kallon kitse kika yi wa rogo, kuma yawancinmu haka muke yi, domin ido yana fara sauka ne a kan fenti da fitilu. Ba zan iya rantsewa a kan abin da ya same ki ba tunda ba a yi gwaji ba, amma yadda kika kwatanta ya yi kama da abin da shinkafar da ta daɗe a ajiye ke jawowa. Akwai wata ƙwayar cuta da ke maƙale a ɗanyar shinkafa wadda dafuwa ba ta gamawa da ita. Idan an sauke shinkafar aka bar ta da ɗumi-ɗumi na sa'o'i, sai ƙwayar ta farfaɗo ta yaɗu ta zuba dafi a ciki, kuma wannan dafin ko an sake ɗumama abincin ba ya mutuwa. Alamarsa ita ce amai cikin 'yan sa'o'i kaɗan bayan ci. Soyayyiyar shinkafa ta fi shiga wannan hatsari saboda sau da yawa tun da safe ake dafa farar, a ajiye, sai daga baya a soya.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da ƙa'ida mai sauƙin riƙewa: dafaffen abinci ya kasance ko dai da zafi sama da digiri 60 a ma'aunin Salshiyas, ko da sanyi ƙasa da digiri 5, kuma kada ya wuce sa'a 2 a ajiye tsakanin waɗannan biyun. To ki dubi garinmu, inda zafi kan kai digiri 40 a watannin Afrilu da Mayu, ga kuma ɗaukewar wuta. Wurin da ya jera abinci iri goma a cikin gilashi tun ƙarfe goma na safe ya dogara ne da wutar da za ta riƙe masa zafin, idan ta ɗauke kuma ba a tayar da janareta ba, abincin yana nan da kyansa a ido amma ya fara juyawa. Dattijuwar da abokiyarki ke zuwa wurinta kuwa mai yiwuwa tukunyarta biyu ce rak, tana kan garwashi ana zubawa, kafin ƙarfe biyu ta ƙare ta kife. Ba ina cewa duk abincin bakin hanya lafiya ƙalau yake ba, can ma akwai ƙura da ƙuda da ƙarancin ruwa. Ina cewa abincin da ake ƙarar da shi da zafinsa ya fi wanda ke jiran mai saye aminci, ko a ina yake.

Bari in gaya miki abin da na gani da idona. Wata rana na shiga wani gidan abinci a nan birni, na nemi wurin wanke hannu, aka nuna mini ta baya. A can na tarar da yaro tsugune gaban baho ɗaya, ruwan ya yi kauri ya koma toka-toka, maiƙo yana yawo a kansa, yana tsoma faranti yana fitarwa yana gogewa da wani tsumma, kuma ina tsaye ya ɗauki tsumman nan ya fita ya goge tebur da shi ya dawo. Gefensa wata yarinya tana yanka kabeji a kan katakon da har lokacin akwai jinin ɗanyar kaza a jikinsa. Na biya kuɗin ruwan da na sha na fita, na kuma yi wa mai wurin magana a keɓe. Mahaifiyata, Allah ya jiƙanta, ba ta yi boko ba, amma roba uku take jerawa, ta sabulu da ta ɗauraya ta farko da ta biyu, kuma ba ta taɓa yarda hannun da ya karɓi kuɗi ya taɓa waina ba, da tsinke take ɗauka.

Don haka idan kin je sabon wuri, ki fara da neman wanke hannu. Idan akwai ruwa mai gudana, ko buta da sabulu, alama ce mai kyau. Idan kwano ɗaya ne kowa ke tsoma hannu, ki san haka ake yi wa faranti. Ki lura ko mai zuba abinci shi ne mai karɓar kuɗi. Ki zaɓi abin da ke tururi, ki je lokacin da jama'a ke ci, wato tsakanin sha biyu da biyu, ki guji ragowar la'asar. Ɗanyen haɗi irin na kabeji da latas da bama shi ne abu mafi saurin cutarwa tunda bai ga wuta ba, musamman da damina lokacin da cutar amai da gudawa ke yawo, saboda haka ki bar shi sai a gida ko wurin da kika san ruwansu. Idan irin wannan ya sake faruwa, ki haɗa ruwan gishiri da sukari: lita 1 ta tsabtataccen ruwa, ƙaramin cokali 6 na sukari a shafe, da rabin ƙaramin cokali na gishiri, ki riƙa kurɓa. Idan akwai jini a bayan gida, ko zazzaɓi mai zafi, ko kuma mai ciki ce ko ƙaramin yaro, asibiti za a nufa ba tare da jira ba. Kuma ma'aikatan duba-gari suna nan a sashen lafiya na ƙaramar hukuma, duba irin waɗannan wurare aikinsu ne, ana iya kai musu rahoto.

TAMBAYA: Hajiya, ni mai shayi ne kusa da tasha a Daura. Burodin da ake kawo mini yanzu ga girma a ido, amma idan an matsa sai ya koma kamar auduga, kuma wani yana da zaƙi mai ɗaci-ɗaci a ƙarshe. Masu saye ni suke yi wa ƙorafi. Na ji ana cewa ana sa wani sinadari mai cutarwa. Gaskiya ne?
Daga wani mai shayi, Daura.

AMSA: Malam, Allah ya sa albarka a sana'a. Tambayarka ta nuna kana jin nauyin waɗanda ke zama a bencinka, kuma wannan abin yabo ne. Asalin matsalar tsada ce. Mafi yawan alkamar da ake yin fulawa da ita a Najeriya daga ƙasashen waje ake sayo ta da dala, kuma tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, darajar naira kuma ta faɗi, sai fulawa da sukari da man gyaɗa da leda da kuɗin mota duk suka tashi a lokaci ɗaya. Mai gidan burodi yana da zaɓi uku: ya ƙara kuɗi, ya rage nauyi, ko ya yi algus. Na farko da na biyu halal ne muddin bai ɓoye ba. Na uku ne abin tsoro.

Sinadarin da ka ji ana faɗa sunansa buromet. Yana sa ƙullu ya kumbura ya yi girma da fulawa kaɗan, kuma yana da araha. Hukumar NAFDAC, mai kula da ingancin abinci da magunguna, ta haramta sa shi a burodi fiye da shekara 20 da suka wuce, saboda yana iya cutar da ƙoda, kuma masana sun sa shi cikin abubuwan da ake zargin suna jawo ciwon daji. Akwai abubuwan gyara ƙullu da aka yarda da su, waɗanda ake haɗawa da sinadarin bitamin C, don haka mai gaskiya ba shi da uzurin komawa ga haramtaccen. Zaƙin da ke barin ɗaci a maƙogwaro kuwa yakan zo ne daga sakarin, wanda wasu ke sawa a maimakon sukari, shi ma hukumar ta gargaɗi masu gidajen burodi a kansa. Sai dai ina jan hankalinka da kada ka yanke wa kowa hukunci da ido, domin burodi yana iya yin sakayau saboda yis ya yi yawa ko an bar ƙullu ya wuce lokaci, kuma ɗakin gwaji ne kaɗai ke tabbatar da buromet.

Abin da ke hannunka shi ne wannan. Ka daina karɓar burodin da ledarsa ba ta ɗauke da sunan gidan da adireshinsa da lambar NAFDAC. Ka ɗauki burodi ɗaya-ɗaya daga gidaje uku ka kai wurin mai sikeli a kasuwa, za ka ga wani ƙarami ya fi wani babba nauyi, kuma nauyin shi ne abin da ke riƙe cikin direban da ya karya a wurinka zai kama hanyar Kwangwalam ko Kano. Ka kuma je gidan burodin da kanka da asuba lokacin da ake gashi, kai babban mai saye ne, kana da haƙƙin ganin inda ake kwaɓawa, kuma wanda ya hana ka leƙawa ya ba ka amsa. Idan an kawo maka da zafinsa ka ga ledar ta yi gumi, ka buɗe bakinta ya sha iska, domin wannan gumin ne ke kawo fumfuna, kuma kada ka jera shi inda rana ke duka. In da hali ka haɗa kai da wata mai ƙosai ko mai waina a unguwa ta riƙa kawo maka da safe, masu saye su samu zaɓi, ita ma ta samu ciniki.

TAMBAYA: Gwaggo, gardama muke yi a ɗakin kwananmu. Ni na ce furar shago da ake damawa da inji a zuba a roba ta fi tsabta, ƙawata 'yar Daura ta ce wannan ba fura ba ce, fura sai ta ƙwarya. Ki raba mu.
Daga wasu ɗalibai, Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa.

AMSA: 'Ya'yana, a wajen daɗi ina bayan 'yar Daura. Furar gero da aka daka da citta da kanumfari da ɗan barkono, aka dama da ludayi a cikin kindirmon da ya kwana, tana da ƙamshi da ɗan tsami da injin markaɗe ba ya kawowa, kuma yawancin shaguna ba nonon shanu suke sawa ba, yogot ne da aka haɗa da madarar gari, shi ya sa zaƙinsa ke danne ɗanɗanon geron. A wajen tsabta kuwa, ba ƙwarya ko roba ke yanke hukunci ba. Kindirmo na ainihi sai an tafasa madarar kafin a bar ta ta kama, kuma tafasawar tana da muhimmanci, domin ɗanyar madara tana iya ɗauke da cututtukan da ake kamuwa da su daga shanu, har da wani nau'in tarin fuka. Bayan wannan, inda hatsarin yake shi ne ruwan da aka sirka da shi da ƙanƙarar da aka jefa, kuma wannan ya shafi mai ƙwarya da mai shago baki ɗaya. Ƙanƙarar da aka daskarar don sanyaya kwalabe, aka jawo ta a buhu aka fasa a ƙasa, ba ta dace ta shiga cikin abin sha ba. Da rani, lokacin da nono ke ƙaranci, wasu kan ƙara ruwa da garin ɗiyan kuka don ya yi kauri. Kukar ba ta cutarwa, amma ya kamata a faɗa wa mai saye. Ni abin da nake yi shi ne in sayi curin furar da nonon daban wurin wadda na saba da ita, in kawo gida in dama da ruwana.

TAMBAYA: Gwaggo, an sa mana rana, ina so in kai wadda zan aura shagon kayan sanyi, amma naira dubu goma ce kawai da ni, ina tsoron in ji kunya wajen biya.
Daga wani saurayi, Ƙofar Guga.

AMSA: Ɗana, Allah ya sanya alheri ya kai mu ranar. Ka fara neman izinin iyayenta, ku tafi da ƙanenta ko ƙanwarta, kuma ka sa shi cikin lissafi. Ka je shagon kai kaɗai kwana ɗaya kafin ranar ka ga farashi, ka tambaya ko kuɗin da aka rubuta ya haɗa da harajin kashi 7.5 cikin ɗari da wasu manyan wurare ke ƙarawa, domin a nan mutane da yawa ke shan mamaki. Ka riƙe tsabar kuɗi ko da kana da niyyar turawa ta waya, tunda sabis yana iya yankewa kana tsaye gaban mai karɓa. Kuma ka gaya mata gaskiyar abin da ke aljihunka, yarinyar da za ta zauna da kai za ta ga girmanka ne a kan haka. Wajen zaɓi, idan ka ga askirim ya yi tsatsan ƙanƙara a sama ko ya sauya siffa a robarsa, ya narke ne aka sake daskarar da shi, ku bar shi. Haka kek mai kirim da ke ajiye a wajen firji. Kada kuma ka raina namu na gida, alkaki da nakiya da dubulan da gullisuwa, waɗanda kakanninmu suka tsara su yadda za su jure zafin ƙasar nan ba tare da firji ba, kuma idan ka haɗa ƙullinsu ta kai wa mahaifiyarta, ka yi abin da za a daɗe ana tunawa.

TAMBAYA: Hajiya, ni direba ne a hanyar Katsina zuwa Funtuwa, likita ya ce ina da ciwon sukari da hawan jini. Kullum a tasha nake ci. Me zan ci?
Daga wani direba, Katsina.

AMSA: Alhaji, Allah ya ba ka lafiya. Abincin wani gubar wani ne, amma tashar ba ta rasa abin da ya dace da kai ba, tsarin zubawar ne za ka sauya. Inda kake cin malmala biyu ta tuwo ka koma ɗaya, ka ce a cika maka miyar ganye ko kuka ko kuɓewa, a rage man da ake yaryaɗawa. Idan shinkafa da wake ne, waken ya fi yawa. Kwaɗon zogale ko na rama, da dafaffen ƙwai, da kifi, duk suna riƙe ciki ba tare da sun tayar da sukari da sauri ba. Babban abokin gabarka yana cikin kofi da kwalba. Ƙaramar kwalbar lemo ɗaya tana ɗauke da sukarin da ya kai ƙaramin cokali takwas ko fiye, alhali abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade wa lafiyayyen baligi a yini bai wuce kimanin cokali 12 ba. Zoɓo da kunun aya na sayarwa su ma cike suke da shi. Ka saba wa mai shayinka da haɗa maka ba sukari, ba madarar gwangwani mai kauri da zaƙi. Saboda hawan jini kuma, gishirin yini gaba ɗaya kada ya kai giram 5, wato kimanin ƙaramin cokali ɗaya, kuma yajin tsire da na ɗanwake cike suke da gishiri da dunƙulen ɗanɗano, sai ka ce a ba ka shi a gefe ka ɗan taɓa.

Akwai abu ɗaya da nake roƙonka da shi saboda ranka da rayukan fasinjojinka. Idan ka sha maganin sukari, kada ka tsallake cin abinci don sauri ko don lodi ya cika, domin sukarin yana iya faɗuwa ƙasa kana kan tuƙi. Da ka ji rawar jiki ko zufa mai sanyi ko ganinka ya dushe, ka gangara gefen hanya nan take ka ci dabino ko ka sha abu mai zaƙi, saboda haka kada gaban motarka ya rabu da dabino. Ka gaya wa likitanka ainihin lokutan tashinka da na cin abincinka don ya daidaita maka shan maganin a kansu.

TAMBAYA: Gwaggo, na ba wata mai yin kayan fulawa a gida aikin samosa da kek na sunan ƙanwata. Da aka raba, samosar ta yi tsami, na ji kunya gaban dangin miji. Ina so in sa hotonta da sunanta a Facebook don wasu su kiyaye. Ya halatta?
Daga wata uwargida, Ƙofar Marusa.

AMSA: Ɗiyata, na fahimci zafin da kike ji, kunyar taro ba ƙarama ba ce, kuma kina da haƙƙi. Sayar da abin da ya lalace ba abin wasa ba ne a addini: ya tabbata cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya cusa hannunsa cikin tarin abincin wani mai sayarwa ya ji danshi a ƙasa, ya tsawatar masa a kan ɓoye aibin, ya nuna cewa mai algus ba ya cikinmu. Amma kafin ki ɗauki waya ki yi wa kanki tambaya ɗaya: ƙarfe nawa aka kawo samosar, ƙarfe nawa aka raba ta? Abu mai nama da albasa a ciki, idan aka rufe shi da zafinsa a leda ko a kula tun safe, aka bar shi a ɗaki har bayan la'asar, zai yi tsami ko da wa ya soya shi. Idan haka ne, laifin ba nata ba ne ita kaɗai. Idan kuwa da tsaminsa ya iso, ki kira ta ko ki je gidanta tare da wata babba, ki nuna mata, ki nemi ta mayar da kuɗin wannan kason. Yawancin masu wannan sana'a mata ne da ke riƙe da gida da ita, kuma wadda ta san darajar sunanta za ta ba da haƙuri ta biya. Idan ta ƙi, akwai mai unguwa, akwai kuma hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya. Duk wadda ta nemi shawararki a kanta ki faɗa mata gaskiyar abin da ya faru, wannan nasiha ce. Amma sa hotonta a Facebook ban goyi baya ba, domin abin da aka watsa ba ya dawowa, kuma zai iya kai ku gaban alƙali. Gaba idan za ki ba da irin wannan aiki, ki ce a kawo kek da cincin tun jajibiri, samosar kuma a kawo ta a naɗe ba a soya ba, a ajiye a firji, a soya a gidanku sa'a ɗaya kafin a fara rabo.